Ruwan Batir Ba Maganin Haƙori Ba Ne

Akwai wata ɗabi'a da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a garejin kanikawa da tashoshin mota. Da zarar haƙori ya hana mutum barci, sai wani mai ganin kansa masani ya ce a ɗiga masa ruwan batir a kogon. A tsoma auduga, a cusa, mutum ya yi ta murƙususu, can zafi ya lafa, a ce ai an kashe tsutsar.

Wace tsutsa? Babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cutar da ke baki ne suke cin ragowar sukari, alawa ce ko lemon kwalba ko shayin da aka zabga wa suga, su fitar da tsami mai zagwanye haƙori har rami ya kai ga jijiya. 

Ruwan da ke cikin batirin mota asid ne mai cin tufa, balle naman baki. Yana ƙona dasashi da harshe da cikin kumatu, ya ƙara cinye haƙorin. Lafawar zafin da ake murna da ita kuwa, sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Cutar tana nan daram, sai ma ta gangara saiwa ta tara mugunya cikin ƙashi. Bayan makonni ko watanni a wayi gari da kumburarren kunci, a fara cewa iska ce ko sammu. Idan turmin ƙasa ne, mugunyar kan bi ƙarƙashin harshe da haɓa ta sauka wuya har ta toshe hanyar numfashi. Ana mutuwa da wannan, a kan haƙori ɗaya da ciko zai iya cetowa tun farko.

Masu danna ƙwayar asfirin a jikin dasashi su ma kada su ɗauka sun fi wayo, ƙuna ce suke jawo wa kansu. Haka masu zaryar kemis suna sayen kafso biyu yau, uku jibi. Kumburin ya sace, ya dawo, domin tushen ciwon ba a taɓa shi ba.

Na san abin da za a ce: asibiti akwai tsada, kuma likita cirewa kawai zai yi. Ba kullum ba. Ƙaramin rami ciko ake yi. Ko ya kai jijiya, ana iya wanke saiwar a toshe, haƙori ya zauna. Jinkiri ne ke mayar da aikin ciko ya zama na cirewa, ko na kwanciya a gado.

Kafin ka isa wurin likita, sha farasitamol bisa ƙa'ida, ka kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Kanumfari yana rage raɗaɗi, amma ba ya toshe rami. A goge baki da buroshi da man goge haƙori safe da dare, asuwaki ya zama ƙari.

Wanda fuskarsa ta kumbura ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko haɗiyar yawu ta gagara, a kai shi babban asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Mai ciwon suga da mai juna biyu kuwa, kada ma su bari a kai nan.