Tartsatsi 380 a Daƙiƙa Ɗaya: Alƙaluman Wutar Injin Dino 246 GT

Duk bakaniken da ya yi zamani da Peugeot 504 ya san kwantak, ya san kwandansa, ya san koyil da distirbuta. Idan mota ta fara tari da safe, can ake fara leƙawa. Waɗannan kayan dai su ne a ƙarƙashin murfin tsofaffin motocin tsere na Italiya, sai dai nauyin da aka ɗora musu a can ya ninka. Mun ɗauki Dino 246 GT, wadda kamfanin Ferrari ya yi daga 1969 zuwa 1974, domin mu bi alƙaluman wutarta ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya gane su zai san abin da ya kamata a gyara, da abin da za a sauya, da abin da za a bari yadda yake.

Motar a taƙaice

Sunan Dino na Alfredo ne, ɗan Enzo Ferrari, wanda ya rasu a 1956 yana da shekara 24. Injin mai silinda shida ne, jere biyu da suka buɗe kamar harafin V, da digiri 65 a tsakaninsu. Girmansa cc 2,418, yana shan mai ta kabureta uku na Weber, kuma kamfanin ya ce yana ba da ƙarfin doki 195 idan ya kai juyi 7,600 a minti. An ƙera sama da 3,500, masu rufi da masu buɗaɗɗen sama. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 50 yanzu, haka ma wayoyinta da akwatin wutarta idan ba a taɓa su ba.

380: yawan tartsatsi a daƙiƙa

A injin mota irin wannan, kowace silinda tana son wuta sau ɗaya a cikin juyi biyu na karanshaf. Silinda shida ke nan tartsatsi uku a kowane juyi. Ninka uku da 7,600, za ka sami 22,800 a minti, wato 380 a daƙiƙa. Tazarar tartsatsi da mai bi masa milisakan 2.6 ce kawai, shi kuwa milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Idan motar tana silo a juyi 900, tazarar tana kai milisakan 22. Peugeot 504 mai silinda huɗu, ko an taka ta har juyi 5,000, tartsatsi 167 take nema a daƙiƙa, da tazarar milisakan 6. Dino tana neman fiye da ninkin wannan daga kwantak ɗin da girmansa bai wuce ɗan yatsa ba.

1.6: lokacin da koyil ke samu ya cika

Tsarin kwantak da koyil ya samo asali ne daga aikin Charles Kettering na Amurka, wajen 1910. Idan kwantak ya rufe, wutar batir tana shiga koyil ta taru. Idan ya buɗe, sai koyil ya amayar da ita da ƙarfin bolt dubu goma zuwa sama da dubu ashirin, ta tsallake bakin filogi. Distirbuta tana juyawa da rabin gudun inji, kuma kowace silinda cikin shida tana da rabon digiri 60. A ce kwantak yana rufe na digiri 36 daga ciki, kashi 60 cikin ɗari ke nan. A juyi 7,600, kashi 60 na milisakan 2.6 shi ne milisakan 1.6.

Koyil kuwa kamar tulu yake a bakin famfo, ba ya cika nan take. Ɗauki misalin koyil na gama-gari mai om 3 da milihenri 8 a kan batir mai bolt 12. Idan ya cika, amfiya 4 ke bi ta cikinsa, ya tara ƙarfin milijul 64. A silo yana da milisakan 13, don haka yana cika har ya yi jira. A juyi 3,500 yana samun milisakan 3.4, ya kai amfiya 2.9, ƙarfin ya sauko wajen milijul 34. A juyi 7,600 amfiya 1.8 kawai yake kaiwa, ƙarfin ya koma milijul 13, kashi ɗaya cikin biyar na cikakke. Dalilin wannan faɗuwa shi ne ƙarfin yana bin amfiya ne a ninka ta da kanta: idan ta ragu da rabi, shi kashi uku cikin huɗu yake rasawa. Ga shi kuma a daidai lokacin injin yana buƙatar wuta mai kauri. Ƙari a kan haka, a irin wannan gudu hannun kwantak yakan fara tsalle a kan ƙusoshin distirbuta, ɗan lokacin ma ya ƙara gajarcewa.

400: amsar Magneti Marelli

Wannan lissafi ne ya haifi Dinoplex, akwatin wutar lantarki da kamfanin Magneti Marelli ya yi wa injin Dino, sunan ma daga injin aka ciro shi. Dino 206 GT, yayar 246, ita ce motar kasuwa ta farko daga Ferrari da ta fito da irinsa. Masu babur sun san dangin wannan akwati da sunan CDI. Yana ɗaga wutar batir zuwa ɗaruruwan bolt, ya tara ta a kwandansa, sannan ya sake ta gaba ɗaya cikin koyil. A irin waɗannan akwatuna, kwandansa mai mikrofarad ɗaya da aka cika zuwa bolt 400 tana riƙe milijul 80, kuma cikar tata ba ta jiran koyil. Kwantak yana nan a distirbuta, amma aikinsa ya koma ba da sanarwa kawai. Wutar da ke ratsa shi kaɗan ce, don haka bakinsa ba ya ƙonewa da wuri.

Wutar CDI tana tashi da sauri ƙwarai, shi ya sa take iya kunna filogin da ya yi baƙi saboda yawon cikin gari da kabureta uku. Aibinta gajarta: tartsatsin koyil na gargajiya yana ɗaukar milisakan ɗaya zuwa biyu, nata kuwa ƙaramin kaso ne na milisakan ɗaya. Saboda haka ne akwatin MSD na Amurka, da wasu ke sakawa a madadin Dinoplex, yake maimaita tartsatsi sau da yawa idan injin bai kai juyi 3,000 ba.

Ƙa'idar ninki tana nan a kwandansa ma. Idan tsufa ya sa akwatin bolt 300 kawai yake kaiwa maimakon 400, ƙarfin zai faɗo daga milijul 80 zuwa 45. Motar za ta tashi, ta yi silo lafiya, amma da an taka totur sai ta fara yankewa. Sau da yawa a nan ake ɗora wa kabureta laifin da ba nasa ba.

46: digirin da karanshaf ke ci a milisakan ɗaya

Mai da iska ba sa ƙonewa a ƙiftawa ɗaya, don haka dole tartsatsi ya riga fistin isa sama. A juyi 900, karanshaf yana cin digiri 5.4 a milisakan ɗaya. A juyi 7,600 yana cin kusan 46. Shi ya sa ake da 'yan ƙarafa masu nauyi da sifirin a cikin distirbuta, waɗanda ke matso da wuta gaba yayin da gudu ke ƙaruwa, daga digiri goma ko ƙasa a silo zuwa talatin da 'yan kai a yawancin injinan wancan zamani. Sifirin da ya saki zai kawo wuta da wuri, inji ya yi ƙara, fistin ya sha zafi. Ƙarfen da ya cije da tsatsa zai makarar da ita, mota ta yi nauyi. Ko sabon akwati aka saka, wannan ɓangaren ne ke yanke lokacin da wuta za ta tashi.

Miliyan 63: yadda kwantak ke cinyewa

A ce an yi tafiyar kilomita 10,000 a gudun 100 a awa, inji yana juyi 3,500. Awa 100 ke nan, kuma kwantak ya buɗe ya rufe sau miliyan 63. Diddigensa da ke gogar ƙusoshin distirbuta yana cinyewa a hankali, bakin da aka saita wajen kashi huɗu cikin goma na milimita yana matsewa, tayimin yana ja baya. Ƙa'idar masu aikin ita ce duk digiri ɗaya da lokacin rufewa ya ƙaru, wuta tana makara da kusan digiri ɗaya a karanshaf. Dinoplex ya hana ƙonewar kwantak, bai hana wannan gogayya ba. Ƙaramar na'urar maganaɗisu ko ta haske da ake sakawa a gurbin kwantak, irin ta Pertronix ko Lumenition, ita ce ke kawar da gogayyar, domin babu abin da ke taɓa wani.

17: haɗarin haɗa kayan da ba su dace ba

Koyil ɗin da aka yi don CDI yakan kasa om ɗaya. Idan mai om 0.7 ne aka haɗa shi kai tsaye da kwantak ko da ƙaramar na'urar nan, bolt 12 za ta tura amfiya 17 a inda aka shirya wa 4. Na'urar za ta ƙone, koyil ya yi zafi. Awon minti biyu da mita yana hana wannan asara. Agogon da ke nuna juyin inji shi ma daga tsarin wuta yake karɓar saƙo, don haka sauya akwati yakan sa ya daina karatu daidai, sai an daidaita shi.

Abin da alƙaluman ke nunawa

Tsarin aiki ya fito fili. A fara da awo: ƙarfin batir a bakin akwati, om na koyil da na wayoyin filogi, digirin rufewar kwantak, sannan a duba tayimin da fitilar awo a silo da kuma a juyi mai yawa. Sai a buɗe distirbuta a gyara ƙarafanta da sifirin, domin kuskuren da ke nan babu akwatin da zai goge shi. Bayan haka ne ake maganar Dinoplex. Mutane da yawa suna barin kwanson Marelli na asali a mazauninsa, su sabunta kayan cikinsa, kuma wannan hanya ce mai kyau: motar ta riƙe kamanninta, wutar ta koma ƙarfinta. Wanda ya zaɓi sabon akwati ko sabuwar distirbuta ta lantarki, kada ya yanke wayoyin asali, kada ya huda jikin mota, ya kuma adana duk abin da ya cire, domin darajar irin wannan mota tana tare da kayanta na asali.

Injiniyoyin Marelli sun ƙera Dinoplex ne don ya wadatar da inji a cikin milisakan 2.6. Gyara ya kammala ranar da allurar agogo ta hau 7,600 inji bai yanke ko sau ɗaya ba.