Jariri Ya Kwana Biyu Bai Yi Kashi Ba? Kada A Jira

A rangadin da muke yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci a karkarar Gesheme, mukan ga yaro da ƙaton ciki kamar tulu, ƙafafu kuwa kamar sillen kara. Wasu su ce saifa ce, wasu su ce baki ne. A ba shi bauri, a ƙara da filasko, wanzami ya yi masa tsaga, amma ciki sai ƙara tashi yake. Sau da yawa tamowa ce ko tsutsar ciki. Amma in tun ranar haihuwa yaron ba ya kashi sai da wahala, to akwai wata cutar hanji da ya kamata mu sani.

Hanji yana da jijiyoyi masu sa shi matse abinci ya tura gaba. Akan haifi wani yaro babu waɗannan jijiyoyi a ƙarshen babban hanjinsa, kusa da dubura. Mai noman rani a fadama ya san abin da ke faruwa in bakin magudana ya toshe: ruwa ya taru a baya, ya cika, ya yi ambaliya. Haka kashi ke taruwa, hanji ya buɗe ya zama ƙato. Wani likita ɗan ƙasar Danmak, Harald Hirschsprung, shi ya bayyana cutar a 1886, shi ya sa take ɗauke da sunansa. Tana samun kimanin jariri 1 cikin 5.000, kuma maza sun fi mata kamuwa wajen sau 4. Ba maita ba ce, ba laifin nonon uwa ba ne.

Alamar farko ita ce baƙin kashin nan na jariri. In awa 48 ta wuce bai fito ba, ko ciki ya kumbura, ko ya yi amai kore, a kai shi likita ran nan. In zazzaɓi da zawo mai wari suka biyo baya, rai na cikin haɗari. Ko da dare ne a tashi.

Daga Gesheme ma'aikacin lafiya zai ba da takarda zuwa babbar likita, Dogon Dutsi ko Doso, daga nan sai Yamai, asibitin Lamorde, inda masu fiɗar yara suke. Can za a ɗura magani ta dubura a ɗauki hoton ciki, a kuma ɗebi ɗan guntun naman hanji a duba, don a tabbatar.

Maganinta fiɗa ce. Tun 1948 likita Swenson ya nuna a Amurka cewa ana yanke wurin da ba shi da jijiyoyi, a jawo hanji mai lafiya a haɗa da dubura. Wani lokaci akan fara buɗe ƙofa a gefen ciki, kashi ya riƙa fita ta nan na ƴan watanni. Iyaye, kada wannan ƙofa ta ba ku tsoro ko kunya. Ta wucin gadi ce. Ku koma ranar da aka sa muku, a ƙarasa aikin. Yawancin yaran sukan samu sauƙi su girma kamar kowa.

Muna roƙon ungozomomi da masu zuwa barka: bayan “ina mai jego?”, ku tambaya ko jariri ya yi kashi. Magabata sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.