3.2 Zato Na Zahiri Da Aka Gina Lissafin Gogayya A Kansu

Wannan sashe zai duba abubuwan da masana suka ɗauka a matsayin gaskiya kafin su gina lissafin gogayya, wato turjiyar da ake samu idan abu mai tauri ya gogi ɗan'uwansa. Za a auna su da yanayin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa a Kano.

Tushen lissafin shi ne aikin Amontons na shekarar 1699 da na Coulomb na 1785, dukkansu Faransawa. Sun nuna cewa ƙarfin gogayya yana ƙaruwa daidai da nauyin da ya danne abubuwan biyu, kuma faɗin wurin da suka haɗu bai shafe shi ba. Coulomb ya ƙara da cewa idan abu ya fara zamewa, saurinsa ba ya sauya gogayyar sosai. Daga nan aka sami lamba guda, ma'aunin gogayya, wadda ake ninkawa da nauyi. Ƙarfe a kan ƙarfe busasshe yakan ba da kimanin 0.6, idan kuwa an shafa mai sai ta sauko kusan 0.1.

A nan ne gizo yake saƙar. Lissafin ya ɗauka cewa wannan lamba ba ta canzawa muddin injin yana aiki. Amma Bowden da Tabor na Jami'ar Kambirij sun bayyana a 1950 cewa ƙarafa ba sa haɗuwa sai a kan 'yan tsirarun ƙusoshi da ido ba ya gani. Ke nan duk abin da ya shiga tsakanin ƙusoshin nan ya sauya lambar. A Kano kuwa abin shiga ba ya yankewa. Da hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga ƙasar Cadi takan cakuɗe da giris a cikin boris, ta mai da shi kamar yashin goge ƙarfe. A majemun Challawa da Sharaɗa, ruwan jima da kitsen fata sukan fantsama a kan bel, sai ya riƙa santsi a kan fuli alhali lissafi ya ce zai riƙe. Bel mai santsi yakan yi zafi, robarsa ta ƙone, aiki ya tsaya. Da bazara ma, lokacin da zafi kan haura digiri 40, roba takan yi laushi, kamunta ya bambanta da na littafi.

Haka kuma lissafin Hertz na 1882, wanda ake auna matsin ƙwallayen boris da shi, ya ɗauka cewa fuskokin sumul suke, babu gogayya ko kaɗan a tsakaninsu. Wannan zato yana da amfani ga sabon boris, amma da wuya ya dace da tsohon injin matsar man gyaɗa a Bompai wanda ƙarfensa ya riga ya ci.

Saboda haka sashe na gaba zai duba yadda makanikan waɗannan masana'antu suke ɗaure bel da canza giris gwargwadon yanayin shekara.