Ƙarar Da Bai Kamata Mai A-kori-kura Ya Toshe Wa Kunne Ba

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Arkilla da hantsi zai ga a-kori-kura na wucewa, wata da siminti daga wajen Kalambaina, wata da albasa, wata da bulo. In ya kasa kunne kuwa, zai ji wasunsu suna ƙwanƙwasa da zarar direba ya taka totur. Direbobi da yawa sun saba da wannan ƙara har ba ta damunsu, alhali kuwa motar kuka take kai wa mai ita. Sanin kowa ne akwai ma'aikatan da suka zuba kuɗin sallamarsu kaf a irin wannan mota. In injinta ya buga, to, abincin gida ne ya tsaya.

Abin da ya kamata mai mota ya sani shi ne ƙarar ba iri ɗaya ba ce. Iri uku ce, kowace da mafarinta, kuma kunne na iya bambanta su tun ba a kwance ko noti ɗaya ba.

Ta farko siririya ce, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Takan taso in mota ta ɗauki kaya, ko tana hawan tudu da babbar giya, ta kuma ɓace in an sassauta ƙafa ko an koma ƙaramar giya. Dalilinta shi ne, a ƙa'ida fulogi ne ke kunna haɗin mai da iska, wutar ta bazu a hankali ta tura fistan. Amma in zafi da matsi sun yi yawa, sai ragowar man ya fashe da kansa kafin wutar ta iso shi, ya daki kan fistan. Abubuwan da ke jawo haka su ne man fetur maras kyau ko wanda aka gauraya da kananzir, taimin da ya yi gaba, daskararren baƙin hayaƙi a kan fistan, fulogin da ba na motar ba, da kuma zafin inji. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a Sakkwato, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40.

Matsalar ta daɗe tana damun masu ƙera motoci. A 1921 ne Thomas Midgley na kamfanin General Motors a Amurka ya gano cewa sinadarin dalma na hana ta, aka yi ta zuba shi cikin fetur shekara da shekaru, sai daga baya aka bar shi saboda cutar da yake yi wa ɗan Adam. Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina sayar da irin wannan mai, a 2021. Motocin zamani suna da na'urar da ke jin bugun, ta ja taimin baya da kanta. Tsofaffi masu kafireto kuwa, irin su Peugeot 404 da 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, ba su da ita. Kunnen direba da hannun bakanike ne kaɗai gatansu. Maganin wannan ƙara ba shi da tsada: a canza gidan mai, a duba ruwan lagireto da fanka, a sa fulogin da ya dace, a daidaita taimin.

Ta biyu ita ce mai haɗari. Bugu ne mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana daka a turmi, yana ƙaruwa da gudun inji ko da mota na tsaye ba ta cikin giya. Sau da yawa fitilar baƙin mai kan riƙa ƙyaftawa. Wannan alama ce cewa metal ya cinye, sandar fistan na dukan karanshaf. Bakanike kan cire wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarar ta ragu, nan ciwon yake. In aka juye baƙin mai aka ga ɓurɓushin ƙarfe na ƙyalli a ciki, magana ta ƙare. Rashin canza mai a kan lokaci da ƙurar hunturu da ke bi ta yagaggen matacin iska su ne kan gaba wajen jawo ta. Wanda ya ji wannan bugu, ya kashe inji nan take, a jawo motar. In ya ce bari ya sauke kaya tukuna, sandar na iya ɓallewa ta huda injin, gyaran metal ya koma sayen wani inji.

Ta uku ba daga inji take ba sam. Ƙara ce guda, "ƙwas", lokacin tashi ko canza giya, wani lokaci da karkarwa a ƙarƙashin kujera in an yi gudu. Mafarinta kuros ɗin farfela da ya saki, ko robar da ke riƙe inji ta yanke, ko salansa na dukan jikin mota. Gwajinta mai sauƙi ne: a kashe inji, a sa wa tayu waigi, a fitar da giya, a murɗa farfela da hannu. In ta yi wasa, an kama ɓarawo. Yawan lodi ne babban abokin gabarta.

Saboda haka, kafin mai mota ya nufi gareji, ya amsa wa kansa tambaya uku. Shin ƙarar na nan in mota na tsaye? Tana ɓacewa in an koma ƙaramar giya? Ta fara ne bayan shan mai a wani sabon wuri? Wanda ya je da waɗannan amsoshi ya rage wa bakaniken kirki aiki, kuma ba za a ce masa a sauke inji a kan kuros da ya saki ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, injin da ke fashewar mai kuwa yana shan mai ba tare da ja yadda ya kamata ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya kai kowa gida lafiya.