Gangare da miƙaƙƙen layi: lissafin da ke korar ruwa daga ƙofar gida

Kowace damina, a unguwannin Maraɗi, Damagaram da Yamai, akan ga magudanar da aka kashe dukiya wajen gininta, amma ruwa ya kwanta a ciki, sauro ya samu mazauni. Sau da yawa laifin ba na siminti ba ne, na awon gangare ne.

A wurin masana lissafi, gangare adadi ne. Shi ke nuna yawan hawa ko saukar da layi yake yi idan an ci gaba da mita guda. Ana samunsa ta hanyar awo a wuri biyu. Misali, magini ya auna tsayin ƙasan magudana bisa bakin ramin da ruwa zai zuba. A mita 10 daga mafari ya samu santimita 60, a mita 30 kuma santimita 20. An sauka santimita 40 cikin mita 20. Idan aka raba 40 gida 20, sai a samu 2. Ke nan magudanar tana sauka santimita 2 a kowace mita, wato 2 cikin 100.

Miƙaƙƙen layi kuwa shi ne wanda gangarensa ba ya sakewa daga farko har ƙarshe. Saboda haka ake rubuta shi a taƙaice: y = ax + b. Harafin x nisa ne, y tsayi, a gangare, b kuma tsayin mafari. A misalin nan, y = -2x + 80. Alamar ragi tana nuna sauka. A mita 40, sau 2 ya ba da 80. An cire 80 daga 80, ba saura. Nan ne ruwa zai isa rami.

Wannan ilimi yana da tarihi. Kalmar aljabra ta fito daga sunan littafin da Al-Kawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. A 1637 kuma Rene Dekart, mutumin Faransa, ya bayyana yadda ake haɗa zanen layi da lissafin haruffa.

Amfaninsa ga ma'aikacin da aka aika karɓar aiki a fili yake. Awo biyu suna ba shi gangare, na uku shi ke tona asiri. A mita 20, lissafi ya ce tsayi santimita 40 ne. Idan ya tarar da 15, to wurin ya fi mita 30 zurfi, kuma nan ruwa zai kwanta. Ya kamata a gyara kafin a sa hannu a takarda, domin bayan ruwan farko gyaran sai da fasa siminti.