Daga dalma zuwa baƙin ƙarfe: abin da ke cikin harsashin bindigar farauta

Duk wanda ya taɓa ratsa gonaki bayan girbi, ko ya yi kiwo a bakin tafki, da wuya a ce bai taɓa tsintar wani ɗan kwanso na roba ba, ja ko kore, tsawonsa kamar yatsa, gindinsa na ƙarfe mai ruwan tagulla. Yara kan hura shi kamar usur. Wannan shi ne kwanson harsashin bindigar farauta, wanda aka fi sani da kalibar 12. A ido ba a bakin komai yake ba, amma abin da ake ɗurawa a cikinsa ya sa an shafe shekaru ana ja-in-ja a Turai, har ta kai ga a ranar 15 ga watan Fabrairun 2023 wata dokar Tarayyar Turai ta soma aiki, wadda ta haramta harbi da ƙwayoyin dalma a fadamu da tafkuna, da duk wurin da bai wuce mita 100 daga gare su ba.

Kafin a gane dalilin wannan doka da rikicin da ta jawo wa masu ƙera harsasai, sai an san yadda kayan suke a jere cikin kwanson.

Abubuwa biyar ne. Akwai kwanson kansa. A tsakiyar gindinsa akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke yin tartsatsi idan allurar bindiga ta doke shi, wato makunni. A samansa albarushi yake, wanda yawanci bai fi giram biyu ba. Sai matoshi na roba ko na zare da aka danne, sannan ƙwayoyin dalma, a ƙarshe a nannaɗe bakin kwanson ya yi siffar tauraro mai kusurwa shida ko takwas. A masana'anta inji ne ke yin wannan jeri ɗaya bayan ɗaya, yana auna kowane abu, kuma ana ɗibar samfuri daga kowane rukuni a harba a ɗakin gwaji kafin a kai kasuwa.

A cikin biyar ɗin nan, wanda mutane suka fi rainawa shi ne matoshi, alhali shi ne ke riƙe da aikin. Idan albarushi ya kama, hayaƙi mai zafi ke tasowa cikin ƙiftawar ido. Matoshin ne ke tare shi kada ya kurɗa ta tsakanin ƙwayoyin ya salwanta, shi ne ke sassauta bugun farko kada dalmar ta lotse, kuma shi ne ke rungume ƙwayoyin har su fita daga bututu da gudun kusan mita 400 a cikin daƙiƙa guda.

Lambobin da ke jikin kwali

Lambar 12 ba milimita ba ce, ba kuma santimita ba. Tsohon lissafin maƙeran Ingila ne: idan aka ɗauki laba ɗaya ta dalma, wato kimanin giram 454, aka raba ta dunƙule 12 daidai wa daida, faɗin dunƙule guda shi ne faɗin ramin bututun, kusan milimita 18.5. Shi ya sa lissafin ke tafiya a baibai, kalibar 16 ta fi 12 ƙanƙanta, 20 kuma ta fi su duka. Haka lambar ƙwayoyin take. A ma'aunin Faransa, lamba 1 faɗinta milimita 4 ne, lamba 6 milimita 2.75, lamba 9 kuma milimita 2. Harsashi ɗaya mai giram 32 na lamba 6 na ɗauke da ƙwayoyi sama da 250. A riƙe wannan adadi, za mu dawo kansa.

Sai lamba ta biyu, wadda ake rubutawa kamar 12/70 ko 12/76. Wannan tsawon kwanso ne a milimita, amma bayan an harba shi bakinsa ya buɗe. Nan ne mutane da dama ke faɗawa tarko, domin harsashi mai 76 da ba a harba ba yana shiga mazaunin da aka yi wa mai 70 lafiya lau, bindiga ta rufu kamar ba komai. Sai an ja kunama bakin kwanson ya rasa wurin buɗewa, matsi ya haura abin da aka tsara. Irin wannan tsoro ne ya sa kamfanoni da yawa ke yi wa kalibar 20 launin rawaya: idan ta faɗa cikin bindiga mai 12 takan zarce ta maƙale a cikin bututu, wanda bai lura ba ya ɗora mai 12 a bayanta, bututu ya tarwatse a daidai inda hannunsa ke riƙe.

Siffar harsashin da muka sani ba ta daɗe can ba. Wani maƙeri a birnin Paris, Casimir Lefaucheux, ya yi rajistar harsashi mai haɗe da makunninsa a 1835, lokacin da akasarin maharban duniya ke ɗura albarushi ta baki, kamar yadda ake yi wa bindigar toka har gobe a karkararmu. Kwanson takarda aka yi ta amfani da shi, mai kumbura idan ya sha raɓa, sai a 1960 kamfanin Remington na Amurka ya fito da na roba. Su kuwa ƙwayoyin, dabararsu ta girme haka. A 1782 wani mai aikin famfo a Bristol ta Ingila, William Watts, ya yi rajistar hanyar zubo narkakkiyar dalma ta cikin rariya daga saman hasumiya. Kafin ɗigon ya iso ruwan da ke ƙasa ya dunƙule da kansa ya zama kamar ƙwayar gero.

Abin da ke faruwa cikin bututu

Ƙasashe 14, akasarinsu na Turai, suna ƙarƙashin wata hukumar gwajin bindigogi da ake kira CIP, wadda aka kafa a 1914 a Liège ta Beljiyam. A ƙa'idarta, matsin harsashin 12/70 na yau da kullum bai kamata ya wuce bar 740 ba. Don mai karatu ya kwatanta, iskar tayar ƙaramar mota ba ta kai bar 3 ba. Wannan ƙarfi duka yana tashi ne tazarar taƙi guda daga fuskar mai harbi.

A Amurka akwai masu sake ɗura kwanson da aka harba a gidajensu, kuma doka ta ba su dama. To sai dai suna aiki ne da sikeli mai auna abin da bai kai giram ba, da kuma littattafan da kamfanonin albarushi suka wallafa bayan gwaji. Dokarsu ta farko ita ce ba a musanya komai: sauya makunni kaɗai, ko matoshi, ko irin kwanson, na iya ɗaga matsi ya wuce iyaka ko da albarushin bai ƙaru ba. Wanda ya ɗura da ƙiyasin ido a bayan ɗaki ba shi da hanyar sanin matsin da ya haɗa sai lokacin da ya ja kunama, kuma a ra'ayina wannan caca ce da yatsu da idanu. Mafi muni shi ne kwance harsashin zamani a zuba albarushinsa cikin bindigar toka. Albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya samar a 1884, ya fi baƙin albarushin gargajiya ƙarfi nesa ba kusa ba, bututun maƙerin gida kuwa ba a taɓa gwada shi don wannan ba.

Ina sauran ƙwayoyin suke zuwa?

Mu koma kan ƙwayoyi 250 ɗin nan. Idan maharbi ya sami agwagwa, ƙalilan ne ke shiga jikinta. Sauran sai su zube cikin ruwa su kwanta a laka, kuma dalma ba ta ruɓewa. Tsuntsayen ruwa na haɗiyar tsakuwa don niƙa abinci a ƙundunsu, ba sa bambance ta da ƙwayar dalma. Ƙundu ya niƙe ta, guba ta shiga jini, tsuntsu ya rame ya kasa tashi ya mutu a ɓoye cikin ciyawa. Mikiya ko shaho da ya ci mushen shi ma ya kwasa. Hukumar kula da sinadarai ta Tarayyar Turai, ECHA, ta ƙiyasta cewa kafin dokar ta soma aiki, kimanin tan 4,000 na dalma ke zuba a fadamun Turai duk shekara, lamarin da ke kashe tsuntsaye kusan miliyan ɗaya.

Amurka ta riga Turai, domin tun 1991 ta haramta dalma wajen farautar tsuntsayen ruwa a faɗin ƙasar. Danmak ta haramta ƙwayoyin dalma baki ɗaya a 1996, kuma maharbanta ba su daina farauta ba.

Abin da aka fi komawa gare shi shi ne baƙin ƙarfe, saboda arha. Amma sauya abu ɗaya a cikin biyar ya tilasta sake fasalin sauran. Dalma ta fi baƙin ƙarfe nauyi, giram 11.3 a kowace santimita mai kusurwa huɗu ta ko'ina, shi kuma kusan 7.8. Don haka ƙwayar ƙarfe na saurin rasa gudu, sai an ƙara mata girma da kamar lamba biyu kafin ta yi aikin ta dalma. Manyan ƙwayoyi na cin wuri a kwanso. Ƙarfe kuma ba ya lotsewa, yana iya karce bututu ko ya kumbura bakinsa inda aka matse shi, saboda haka aka ƙera matoshi mai kauri da ke lulluɓe ƙwayoyin gaba ɗaya. Yana kuma tsalle idan ya bugi dutse ko busasshiyar ƙasa. Bindigar da aka gwada don harsashin ƙarfe mai ƙarfi ana buga mata tambarin fure mai kunne uku a jiki, wanda Faransawa ke kira fleur de lys. Tsofaffin bindigogi irin Simplex ta Saint-Étienne, da aka gada tun zamanin Turawan mulki, an ƙera su tun kafin a san da wannan tambari. Akwai bismut da tungsten da suka fi kusa da dalma a nauyi, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talakan maharbi ko a Turai.

Wani zai ce ina ruwan Maraɗi da agwagin Turai. Agwagin ne dai ke zuwa mana. Da sanyi ya kama can, dubban ɗaruruwa ke ƙetaro Sahara su sauka a Tafkin Cadi, da fadamun Haɗeja da Nguru, da kwarin kogin Isa. Nijar da Najeriya na cikin yarjejeniyar AEWA ta kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai, wadda ta nemi a daina harbi da dalma a fadamu. Farauta a Nijar kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta watan Afrilun 1998, sai da izini.

Gubar dalma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A 2010 yara aƙalla 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara sanadin ƙurar dalma daga duwatsun zinariya da ake daka wa a cikin gidaje. Hanyar ta bambanta, kuma abin da ke cikin naman farauta bai kama ƙafar wancan ba, amma sinadarin ɗaya ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinsa a jini da aka san ba ya cutarwa. Ƙwayar dalma na barin ɓurɓushi a hanyar da ta bi cikin nama, wanda ido ba ya gani, wuta kuma ba ta kashe shi. A 2012 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta shawarci masu yawan cin naman da aka harbo da dalma da su rage, musamman ƙananan yara da masu juna biyu. Tsince ƙwayoyin daga jikin zabo ko zomo bai wadatar ba, sai an yanke naman da ke kewaye da ramin harbin an zubar kafin a sa a tukunya.