Rikicewar Bugun Zuciya a Jikin Tsofaffin 'Yan Tsere

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli mai aika saƙon lantarki, shi ke sa ta buga sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum yana zaune. Wanda ya daɗe yana gudun fanfalaki ko tseren keke kuwa, tasa kan sauko zuwa 50, wani har 40. Ƙarfin zuciyarsa ne ya kawo haka.

Sai dai shekara da shekaru ana tura jini mai yawa, ɗakunan sama kan buɗe su yi faɗi, a wasu har bangonsu ya yi tabo. Tabon nan yana karkatar da saƙon lantarkin. Sai ɗakunan su daina matsewa, su koma karkarwa, bugu ya rikice kamar kiɗan ɗan koyon ganga.

An ga haka a Suwidin, inda ake tseren Vasaloppet, kilomita 90 na zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya bi diddigin fiye da mutum 52,000 da suka shiga tseren. Waɗanda suka kammala shi sau biyar ko fiye, haɗarin rikicewar bugunsu ya ɗara na masu sau ɗaya da kusan kashi 30 cikin 100.

Abin tsoron yana ga jinin da ke kwantawa a ɗakin da ba ya matsewa. Yakan daskare, gudan ya ɓalle ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Abin da ya fi damuna shi ne ɗan tsere ya saba da wahala, don haka idan bugun ya rikice sai ya ce gajiya ce kawai.

Kada mai tattaki da safe ya tsorata, motsa jiki matsakaici kariya ce gare shi. Maganar ta masu wuce gona da iri ce, galibinsu maza da suka manyanta. Irinsu su riƙa ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, gefen babban yatsa, su saurara na minti guda. Idan bugun yana tsalle, ko ga haki a hawan da aka saba, ko jiri, a dakatar da atisaye a je gwajin zuciya na ECG. Ciwon ƙirji ko suma ana cikin gudu kuwa, asibiti za a nufa nan take.